Kamarar aljihu a ƙasar Adar: kada a yi cinikin biri a sama

Kowace shekara, idan damina ta ƙarato, ƴan ci-rani na ƙasar Adar suka fara komowa gida daga Abijan, Akara, Legas ko Aljeriya, cikin tsarabar da ake buɗewa a tsakar gida akan ga rediyo, agogo da salula, wani lokaci kuma har da ƴar ƙaramar na'urar ɗaukar hoto wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ranar farko kowa na son a ɗauke shi, daga tsohuwa har jinjiri. Amma kafin hunturu ya fita, sau da yawa na'urar ta riga ta koma ƙasan adaka, idonta ya maƙale a waje, ba ya shiga ba ya fita, mai gyara kuwa sai an je babban birni, in ma an dace da shi.

Asarar ba ƙarama ba ce. Tun daga 1999 kuɗin Sefa a ɗaure yake da yuro, yuro guda a kan tamma 655,957, wato yuro 100 ya kama jika 65 da ƴan kai. Kamarar da ake sayarwa yuro 150 a Turai ta tasam ma jika 100 ke nan, wadda ake sayarwa yuro 500 kuwa ta kai jika 328, tun ba a yi zancen kuɗin dako, na duwan da ribar mai kanti ba. Idan aka tuna cewa a Janairun 2024 aka kai mafi ƙanƙantar albashi a Nijar zuwa jika 42, za a ga cewa kamara guda na iya cinye guminsa na wata bakwai ko takwas. Abin da ya kai wannan tsada, ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya san abin da yake saye tun kafin ya kwance bakin aljihu.

Daga fim zuwa kati

Waɗanda suka yi wayo kafin shekara ta 2000 suna tune da zamanin fim. Mai hoto kan sa fim mai ɗaukar hoto 24 ko 36, ya yi ta tsimi da shi daga suna zuwa ɗaurin aure, sa'annan a aika da shi wanki a babban gari, a zauna jira ba tare da an san wanda ya fito da wanda ya ƙone ba. Da aka karya darajar Sefa a Janairun 1994, kayan da ake shigowa da su daga Faransa suka ninka kuɗi dare ɗaya, hoto ya ƙara zama abin ranar salla.

A can wata duniya kuwa, tun 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kamara ta farko marar fim. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta shi a kan kaset. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fito da QV-10, mai ɗan allo a baya wanda mutum ke ganin hotonsa nan take. Daga nan kasuwa ta buɗe. A 2010 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kamara ta Japan suka fitar da kamara wajen miliyan 121 a shekara guda. Sai salula mai hoto ta zo ta cinye kasuwar: a 2023 abin da suka fitar bai kai miliyan 8 ba. Kodak ya durƙushe a 2012, Casio ya bar ƙera ƙananan kamarori a 2018.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye ta hanya biyu. Na ɗaya, sababbin ƙananan kamarori na manyan kamfanoni sun yi ƙaranci, yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa tsofaffi ne, wasu sun haura shekara 10 ko 15. Na biyu, tun wajen 2022 samarin Turai, Amurka da Japan suka sake ƙwallafa rai a kan waɗannan tsofaffin na'urori, har kuɗin na hannu ya tashi. Saboda haka tsufa bai hana tsada ba, tsada kuma ba shaidar lafiya ba ce.

Shin salula ba ta isa ba?

Tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ke nan, kuma ga mutane da yawa amsar ita ce ta isa. Salula mai kyau ta zamanin nan ta fi ƙaramar kamara mai araha iya ɗaukar hoto da dare ko cikin ɗaki, domin tana ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido ta haɗa su su zama ɗaya. Kullum tana aljihu, kuma da ita ake aika hoton nan take. Wanda bukatarsa ba ta wuce ya ɗauki ƴaƴansa ranar salla ya tura wa ƴan'uwa a Abijan ba, gara ya ƙara kuɗi a kan salula da ya raba su biyu.

Sai dai akwai wurare huɗu da kamara ke da rinjaye. Tana jawo abin da ke nesa da gilashi na gaskiya, abin da yawancin salula masu matsakaicin kuɗi ba su iyawa. Batirinta dabam yake, mutum ba zai wuni yana ɗaukar hoto a daji ba, da yamma ya rasa cajin kiran gida. Walƙiyarta ta fi ƴar fitilar salula ƙarfi, tana tsayar da motsi. Na huɗu kuma, wanda ba a cika ambata ba, kamara abin ba da aro ce. Ɗan kasuwa na iya miƙa ta ga yaronsa ya raka mota, shugaban ma'aikata na iya miƙa ta ga wanda ya aika rangadi, ba tare da ya damƙa masa saƙonninsa, lambobin mutanensa da asirin kuɗinsa ba.

Yawan lamba ba shi ne kyan hoto ba

Abin da mai kanti ke fara nunawa shi ne lambar da ke jikin kwali: megapiksel 20, 48, har 64. Megapiksel guda na nufin ɗigo miliyan ɗaya daga cikin ɗigogin da suka haɗu suka yi hoto. To, hoton da aka saba wankewa, mai santimita 10 a kan 15, ɗigo miliyan 2 da ɗan kai sun ishe shi ya fito tsaf. Cikakken shafin takardar biro, irin wadda ake buga rahoto a kai, ba ya bukatar fiye da miliyan 9. Duk kamarar kirki mai megapiksel 12 zuwa 20 ta wadatar ke nan, abin da ya haura haka sai cika kati.

Inda kyau yake shi ne farantin da ke karɓar haske a cikin kamarar, a gurbin da fim yake a da. Misalinsa kamar ƙwarya ce da aka tara a bakin indararo: mai faɗi ta fi tara ruwa. Yawancin kamarorin aljihu farantinsu milimita 6 da ɗan kai ne a kan 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, a takarda ana rubuta shi 1/2.3. Akwai wani aji na sama da ake kira mai inci ɗaya, milimita 13,2 a kan 8,8, wanda ya ninka na farko kusan sau huɗu. Sony ne ya shahara da shi tun da ya fito da RX100 a 2012, Canon da Panasonic suka bi sahu. Da rana tsaka bambancin ba shi da yawa. Cikin zaure, cikin aji ko bayan magariba ne babban faranti ke nuna kansa, hoto ya fito sumul ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba.

Sai a duba kuma lambar da ke bakin gilashin ido, wadda ke farawa da harafin f. Ita ce faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/2 na shigar da haske ninki huɗu na f/4. Hakanan a tambaya ko kamarar na da abin kashe rawar hannu, domin ba tare da shi ba duk hoton da aka jawo daga nesa ko aka ɗauka a inuwa yakan fito da dishi-dishi.

A nan ne ya kamata a yi hattara da wasu kamarori marasa suna da suka cika kasuwa, kwalinsu na ɗauke da manyan lambobi, kuɗinsu kuma ƙasa-ƙasa. Galibinsu farantin ƴar salula mai araha ne a ciki, na'urar ce ke kumbura hoton ta ƙara masa ɗigogin ƙarya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Zum iri biyu ne

Jawo nesa kusa, wanda ake kira zum, iri biyu ne, kuma ɗaya ne kawai na gaskiya. Na gilashi, wanda ake rubuta optique ko optical a jikin kamara, gilasai ne ke motsawa su kawo abin kusa ba tare da hoton ya rasa komai ba. Ɗayan, numérique ko digital, yanke tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, kamar mai jan roba, kyau na raguwa gwargwadon ja. Lambar zum na gilashi ce kaɗai abin dubawa.

Ninki 4 ko 5 ya isa hoton iyali, na kaya da na takardu. Ninki 8 zuwa 12, irin na Canon IXUS, ya dace da taro ko hawan salla. Ninki 30, irin na Panasonic Lumix TZ, shi ne na mai son ɗaukar ƴan kokowa daga bayan fage, tsuntsaye a bakin tabki, ko garke a ɗaya gefen kwari. Amma kowane ƙari da kuɗinsa: dogon zum yana tafe da ƙaramin faranti da ƙuntatacciyar ƙofar haske, ga kuma tsawon bututu mai shiga da fita, wanda a ƙasar nan shi ne mafarin ciwo.

Ƙura da zafi, manyan abokan gaba

Ba don Adar aka ƙera waɗannan na'urori ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, hanyoyin jan ƙasa na Buza da Keita kuma suna ƙara tasu duk shekara. Kamarar da idonta ke fitowa waje idan an kunna ta tana aiki kamar zuga-zugin maƙeri: duk fita tana shaƙar iska, duk shiga tana fitarwa. Ƙurar da ta shiga takan zauna a haƙoran roba masu tura bututun har su cije, ko ta sauka a kan farantin haske ta bar baƙin tabo a kowane hoto. Tun da ba a cire idon ƙaramar kamara, share farantin sai an warware ta gaba ɗaya, ladan gyaran kuwa yakan kusa kuɗin wata.

Akwai kamarorin da aka yi domin wahala, waɗanda zum ɗinsu ke motsi a ciki, a bayan gilashin da aka toshe. Mafi shahara ita ce Olympus Tough TG-6 ta 2019 da magajiyarta OM System TG-7 ta 2023: megapiksel 12, zum ninki 4, ƙofar haske f/2, tana jure nutso cikin ruwa har mita 15 da faɗuwa daga mita 2, tana kuma rubuta wurin da aka ɗauki hoto ta hanyar tauraron ɗan'adam. Ricoh da Pentax suna da irinsu masu suna WG. An yi su ne domin masu ninkaya a teku, amma abin da ya hana ruwa shiga ya hana ƙura.

Wanda ya riga ya mallaki mai fitar da ido, sai ya koyi reno. A ajiye ta cikin leda mai rufewa, a sa ledar cikin jaka, ba cikin aljihun da ke tare da goro da tsabar kuɗi ba. Kada a kunna ta cikin guguwa ko a bayan mota mai tafiya. Kada a share gilashi da bakin riga ko rawani, domin ƙurar nan yashi ce, gogewa na kankare shi. A fara hure ta da ƴar robar busa iska, sa'annan a shafa ƙyalle mai laushi.

Zafi ma haka. Littattafan yawancin kamarori sun ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, alhali a Afrilu da Mayu inuwa kanta takan wuce 40 a Madawa. Motar da aka rufe a rana ta fi haka nesa. Batir shi ke fara jin jiki: ƙarfinsa ya ragu, daga baya ya kumbura. Batirin da ya kumbura a cire shi nan da nan, kada a sake sa masa caji.

Batir da katin ajiya

Ƙaramar kamara takan ɗauki hoto 200 zuwa 350 a caji guda. Wanda ke zaune inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, ko wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Garhanga, Tabotaki ko Urno, dole ya yi lissafi da wannan. Darasin Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har sai bayan ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, bai kamata a manta da shi ba. Mafita uku ce: a sayi batir na biyu tun ranar sayen kamara, ko a zaɓi wadda ake yi wa caji da wayar USB, wadda za ta sha daga farantin hasken rana, daga mota ko daga batirin guzuri na salula, ko kuma a nemi mai aiki da pil biyu ƴan sirara, masu alamar AA, kamar Kodak Pixpro FZ45 ko tsohuwar Nikon Coolpix A10. Sai dai pil na rediyo masu araha ba su jure wa kamara, hoto kaɗan sun mutu. Masu alamar alcaline, ko waɗanda ake sake yi wa caji, su ne na aiki. Cajar da aka zo da ita daga waje kuma a duba an rubuta 100-240 V a jikinta, domin wutar ƙasar nan 220 ce.

Katin ajiya, wanda ake kira memwar, shi ma da tarkonsa. Kamarorin da suka girmi 2006 galibi ba su karanta katin da ya wuce giga 2. Masu alamar SDHC suna tsayawa a giga 32, sai masu SDXC ke wuce nan. Tsofaffin Sony na amfani da Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuwa da katin xD wanda aka daina ƙerawa. Kamara irin wannan ko kyauta aka ba mutum, neman katinta aiki ne. Katin giga 32 na ɗaukar hoto wajen 4,000, ya isa. Akwai jabun kati masu nuna girman da ba su da shi, suna karɓar hoto har su cika gurbinsu na gaskiya, daga nan su riƙa lalata na baya ba tare da sanarwa ba. Gara kati biyu matsakaita daga hannun amintacce da babba guda na bakin hanya.

Kowa da irin tasa

Ɗan kasuwar albasa na kwarin Tarka, na Sabon Gida ko na Tunfafi, wanda ke loda buhuna zuwa Abijan, Akara ko Kumasi, abin da yake bukata shaida ce. Tafiyar kwanaki ce cikin zafi, idan kaya suka isa aka ce sun ruɓe ko sun ragu, magana takan koma tsakanin ka ce da na ce. Hoton buhuna a jere, na albasar da aka zube daga buhu biyu ko uku, na lambar mota da na takardar lodi, ba zai hana gardama ba, amma yana rage mata tsawo. Irin wannan aiki ƙaramar kamara mai zum 4 ko 5 ta ishe shi. A ɗauka a inuwa ko da sanyin safiya domin launin albasar Galmi ya fito yadda yake, a kuma ajiye kwalin ashana ko dala ashirin kusa da ita domin mai gani ya san girmanta. Haka yake ga mai tabarmin kaba na Madawa da mai sayar da ragunan layya.

Ma'aikacin gona, na kiwo, na gandun daji ko na gine-gine, wanda rabin watansa a kan babur yake, shi ne ya fi cancantar mai jure ƙura, ko da ta fi tsada. Ƙasar nan ta san darajar hoton aiki. A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Adar-Dutsi-Majiya, wanda kowa ya sani da furojen Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO da PAM, inda mata suka yi ta dakon duwatsu aka farfaɗo da faƙo aka dasa miliyoyin itatuwa. Abin da ya fi gamsar da mutanen nesa a kan waɗannan ayyuka shi ne hotuna biyu na wuri guda, na kafin aiki da na bayansa. Darasin shi ne a tsaya a wuri ɗaya, a fuskanci gefe ɗaya, a sa dutse ko itacen da ba ya gushewa cikin hoton, a koma a wata ɗaya na shekara mai zuwa. Kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa su ma suna da bukatar haka wajen iyakar gona, burtali da ɓarnar dabbobi.

Ga waɗannan biyun, kwanan wata shi ne rai. Kowace kamara na rubuta rana da sa'a a ɓoye cikin hoton, amma sai an daidaita agogonta. Hoton da ya ce an ɗauke shi a 2008 ba ya shaidar komai. A kuma sani cewa WhatsApp na matse hoto yana goge waɗannan bayanai, sai fa in an aika shi a matsayin takarda. Na asali a bar shi a kati ko a kwamfuta.

Magidanci mai son tarihin gidansa, suna, aure, saukar karatu, idan aljihu ya yarda, mai faranti inci ɗaya ce tasa, domin yawancin waɗannan bukukuwa cikin rumfa ko da dare ake yin su. Ya koyi abu guda: idan baƙin mutum ya sa farar shadda ya tsaya a rana, kamara takan bi hasken riga ta bar fuska cikin duhu. Maganin shi ne a koma inuwa, ko a kunna walƙiya ko da rana ce, ko a ƙara haske da maɓallin mai alamar +/-.

Gwaji kafin biya

Ko a Maraɗi, ko a Ƙonni, ko a Yamai, ko a Kano aka je saye, gani ya kori ji. Mai saye ya tafi da katinsa. Ya kunna ya kashe sau goma, yana sauraren bututun: ƙarar yashi ko tsayawa a rabin hanya alamar ajali ce. Ya ja zum har ƙarshe ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya buɗa hoton ya nemi tabo. Ya haska gilashin da tocila ya duba kankara. Ya gwada walƙiya sau uku a jere. Ya cire batir na ɗan lokaci ya mayar, ya ga ko agogo ya riƙe kwanan wata. Ya karanta lambar batirin ya tabbatar ana samun irinsa. Ya duba ko rubutun ciki na juyawa zuwa Faransanci, domin wasu da aka yi wa kasuwar Japan ba su da wani harshe sai nasu. In da hali, ya kalli hotunan a kwamfuta, tun da ɗan allon baya yana ƙawata komai. Daga ƙarshe ya karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar na'urar. Mai kantin da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba da amsa.

Wanda zai saƙa wa ɗan'uwa ko alhaji ya sayo masa daga waje kuwa, ya rubuta suna da lambar samfurin a takarda, tare da batir na biyu. Cewa "a sayo mini mai kyau" shi ne cinikin biri a sama.

Ladabin mai kamara

Kamara ba ta ba mutum izinin da ba shi da shi. Ba a ɗaukar mace, yaro ko majinyaci sai da yardarsu ko ta magabatansu, ba a kuma watsa hoton mutum don an same shi cikin wani hali. Tun 2017 Nijar na da doka a kan kare bayanan da suka shafi mutum, amma kunya da mutunci sun riga ta. Barikin soja, shingen bincike da ayarin jami'an tsaro ba wurin gwada zum ba ne, musamman a halin tsaron da yankin Sahel ke ciki. Kamara na iya tafiya, mai ita ma ya kwana yana bayani.

Saura ajiya. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba babbar lambar girma ta bikin zane-zane na Banis a Italiya a 2007, da Seydou Keïta, da Philippe Koudjina wanda ya ɗauki samarin Yamai na shekarun 1960 da 1970, duniya ta san su ne domin fina-finansu sun tsira cikin kwalaye shekara da shekaru. Hoton zamani ba shi da wannan juriya: kati ya ɓace, salula ta faɗa rijiya, tarihin shekara goma ya tafi. Saboda haka kowane hoto mai daraja ya zauna a wuri biyu, kati da kwamfuta, a jaka mai ɗauke da shekara da wata. Ƙarshen shekara kuma a zaɓi ashirin ko talatin a wanke su a takarda, a rubuta sunaye da gari da kwanan wata a baya, a sa cikin adaka. Ranar da jika zai tambayi kamannin kakansa, ko yadda dutsen bayan gari yake kafin a dasa itatuwa, takardar nan ce za a ɗauko.

Allah shi ba mai saye sa'a, shi kuma sa albarka cikin abin da aka saya.